Fayiloli Sun Dawo, Ƙofa Tana Buɗe

Duk wanda ya taɓa zama a teburin buga takardu a Yusufari, ko Gashuwa, ko Nguru, ya san wannan ƙorafi: "Malam, filash ɗina ya kamu, komai ya koma shotkot." Mai maganar yakan zo a firgice, domin a ganinsa takardunsa sun salwanta: sakamakon jarrabawa, takardar ɗaukar aiki, hotunan biki, ko furojet ɗin da ya shafe watanni yana rubutawa. A sana'armu kuwa wannan ƙaramin aiki ne. Cikin 'yan mintoci an fito masa da kayansa, ya yi hamdala, ya biya, ya kama gabansa. Shekarun da na yi a kan wannan tebur sun nuna mini cewa lokacin da yake murnar nan ne ya kamata hankalinsa ya tashi. Fayilolin dama ba su ɓata ba. Ɓoye su aka yi da gangan, aka ajiye wani abu mai kama da su, domin ya danna. Ya kuwa danna, a kwamfutarsa ta gida, tun kafin ya zo wurinmu. Abin da ya shiga na'urarsa a wannan dannawar shi ne ainihin cutar, kuma fito da fayil ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Abin da ke shigar wata 'yar manhaja ce da masana tsaron kwamfuta ke kira ƙofar baya. Amfaninta ga mai ita shi ne ya riƙa shiga na'urarka daga nesa duk sanda ya ga dama, ba tare da ya bi ta kan kalmar sirrinka ba. Ba ta lalata komai a fili, domin ribarta tana cikin daɗewa ba a gane ta ba. Takan kwafi kanta zuwa wani lungu na Windows da ba mai leƙawa, irin foldar AppData ko Temp, ta ari sunan da ya yi kama da na manhajar kirki, ta shigar da kanta cikin jerin abubuwan da ke tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Daga nan sai jira. Ranar da ka kunna data a wayarka ka haɗa kwamfutar, ita ce za ta nemi ubangidanta, ta shaida masa sunan na'urar da irin Windows ɗin da ke kai, ta saurari umarni.

Wannan gaɓar ce na fi shan wahalar fahimtar da mutane. Sai mutum ya ce, "Haba Malam, wa zai gano kwamfutata a nan bakin iyakar Nijar, inda sabis ma wani lokaci sai an hau tudu?" Ai ba ya buƙatar gano ta. Katangar tsaron da ke cikin Windows tana tare baƙon da ya ƙwanƙwasa daga waje, amma a yadda take zuwa ba ta hana na ciki ya kira waje. Da ɗan gari akan ci gari. Idan kiran ya shiga, wanda ke can yana iya kallon allonka, ya karanta duk harafin da ka danna, ya kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana maka, ya ɗauki fayil ko ya ajiye wani, ya kunna kyamara da makirfo. Raunin sabis ɗinmu bai zama kariya ba, domin kalmar sirrin imel da lambar asusun banki ba su kai nauyin hoto ɗaya ba. Minti guda na sabis mai rauni ya ishe su ficewa.

Na fara koyon aikin nan a wani shago a Gashuwa a 2013, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta garin. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan wayar salula, sai a watan Yuli suka dawo a Yobe. A makonnin nan babu imel, babu modem. Duk takardar da za ta tashi daga wannan ofis zuwa wancan, daga Yusufari zuwa Gashuwa, daga Gashuwa zuwa Damaturu, a filash take tafiya cikin aljihun wani fasinja. A lokacin ne na ga abin da har yau nake kafa hujja da shi: intanet ta ɗauke gaba ɗaya, amma shotkot sai ƙaruwa take yi. Kusan duk filash ɗin da aka miƙo mana akwai ta a ciki. Filash a garuruwanmu kamar moɗar randar bakin hanya yake, kowa da ita yake sha, mai lafiya da mai mura, kuma ba mai tambayar bakin da ta fito. Kwamfutocin da suka kamu a makonnin nan suna riƙe da cutarsu shiru, abin da suke jira kawai sabis ya dawo.

Daga baya na karanta a kan ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a duniya a wancan lokaci. Akwai njRAT, wadda kamfanin Microsoft ke kira Bladabindi, da 'yar'uwarta Jenxcus mai bin filash. A ƙarshen Yunin 2014 Microsoft ya samu izinin wata kotu a Amurka ya karɓe wasu adireshin intanet na kamfanin No-IP waɗanda ƙwayoyin ke bi wajen kiran iyayen gidansu, ya kuma ambaci mutum biyu, ɗaya a Kuwait ɗaya a Aljeriya, a matsayin waɗanda suka ƙirƙire su. Dabarar shotkot ɗin ma tana da dalili. A da, ƙwaya kan tashi da kanta da zarar an soka filash, har Microsoft ya toshe wannan hanya a Windows 7, ya kuma toshe ta a XP da Vista a 2011. Tunda ba za ta ƙara tashi da kanta ba, sai masu yin ta suka koma neman yatsan mai kwamfutar. Shi ya sa ake ɓoye maka foldarka a ajiye maka mai kama da ita. Idan ka danna, ƙwayar ta tashi, sannan ta buɗe maka foldar gaskiyar don kada ka yi zargin komai.

Kada wani ya ɗauka wannan tsohon labari ne. A Maris na 2023 kamfanin Sophos ya ba da rahoton wani samfurin ƙwayar PlugX mai bin filash, wanda ya gani a Najeriya da Gana da Zimbabuwe da Mongoliya da Papuwa Niugini. Aikinsa irin wanda muka sani ne: ɓoyayyiyar folda mai suna RECYCLER.BIN a cikin filash, da shotkot mai ɗauke da sunan filash ɗin. Har yana tattara takardun Word da Excel da PDF ya ɓoye su a cikin filash, ta yadda kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba ma takardunta za su iya fita ta aljihun wanda ya zo buga takarda. Hukumomin Amurka sun danganta wannan ƙwaya da wata ƙungiyar masu kutse da ake kira Mustang Panda, wadda suka ce gwamnatin Sin ce ke ɗaukar nauyinta.

Abin da ya biyo baya ya fi tsaya mini a rai. A Satumbar 2023 masu bincike na kamfanin Sekoia da ke Faransa suka lura cewa masu ƙwayar sun yi watsi da adireshin da take kira. Suka saye shi a kan dala 7, suka zauna suna sauraron masu kira. Cikin wata shida, adireshin intanet kusan miliyan 2.5 daga ƙasashe sama da 170 suka kira, a kullum tsakanin 90,000 zuwa 100,000. Ƙasar da ta zo kan gaba a jerin ita ce Najeriya. Adireshi ba daidai yake da kwamfuta ba, domin na'ura ɗaya tana iya sauya adireshi sau da yawa, na'urori da yawa kuma suna iya raba ɗaya, musamman a layukan waya irin namu. Duk da haka zuwan Najeriya a sama bai ba ni mamaki ba, na san yadda filash ke yawo a hannunmu. Masu leƙen asirin da suka saki wannan ƙwaya ba malamin firamare na Yusufari suke nema ba, amma ita ƙwayar ba ta zaɓe. Kuma ƙofar da suka buɗe suka tafi suka bari, duk wanda ya riga biyan dala 7 shi ne zai gaje ta. A wannan karon an yi sa'a masu bincike ne suka riga. Faransa ta fara wanke kwamfutocin ƙasarta daga nesa a Yulin 2024, hukumar FBI kuma ta sanar a Janairun 2025 cewa ta goge ƙwayar daga kwamfutoci 4,258 a Amurka. Mu a nan, wankin yana hannun mai na'ura da mai gyaransa.

Filash ba shi kaɗai ne hanya ba. Ta biyu ita ce abin da muke kira zuba manhajoji. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, tokumbo, daga Kano ake sayo su, kuma su kansu ba su da laifi. Matsalar takan fara ne ranar da aka ce a zuba mata Office da CorelDRAW da Photoshop na kirak, wato waɗanda aka fasa don su yi aiki ba lasisi, daga wani tsohon filash da ya zaga shaguna, ko daga shafin da ba a san mai shi ba. Umarnin farko da ke tare da irin waɗannan manhajoji shi ne a kashe anti-bairos kafin a girka. Mutum da hannunsa ya sallami mai gadi, ya ba baƙuwar manhaja cikakken iko a kan na'urarsa. A Disambar 2021 kamfanin Red Canary ya nuna yadda ake cusa ƙwayar satar bayanai mai suna Cryptbot a cikin jabun KMSPico, manhajar da ake amfani da ita wajen kunna Windows ba lasisi. Windows ɗin zai kunnu kuwa, mai shi ya ji daɗi, ƙwayar kuma ta kama aikinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na san kuɗin lasisi ya fi ƙarfin yawancinmu, ba na raina wannan uzuri. Amma LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel, kuma ta ishi mafi yawan aikin makaranta da ofis.

Hanya ta uku ita ce fayil ɗin da aka turo: jerin waɗanda aka ɗauka aiki, fom ɗin tallafi, rasit ɗin kuɗin da wai an tura maka. A fuska PDF ne, amma idan ka sa Windows ya nuna cikakken sunan fayil za ka ga ya ƙare da exe ko scr ko js. Masu wannan sana'a ba duka ne ke ƙetare ba. A Mayun 2022 Interpol ta sanar da cewa EFCC ta kama mutum uku a Legas da birnin Benin bisa zargin amfani da manhajar Agent Tesla wajen satar bayanan kamfanoni da karkatar da kuɗinsu. A Fabrairun 2024, lokacin da FBI ta rufe shafukan da ke sayar da Warzone RAT, an kama mutum ɗaya a Malta, ɗaya kuma a Fatakwal. Irin waɗannan sun san mene ne BVN, sun san abin da za a iya yi da lambar NIN da lambar waya idan sun haɗu a hannu ɗaya.

Yadda ake cire ta kuwa, zan bi ta kan aiki guda da na yi, don a ga tsarin. Wani dattijon hedimasta daga wani ƙauye a hanyar Tulo-Tulo ya kawo mini laftof ɗinsa. Ya ce, "Ɗana, an gyara mini ita a birni, takarduna sun dawo. Amma duk filash ɗin da na soka sai ya kamu, data kuma ba ta kwana." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, me ke cikinta?" Ya ce sunayen malamansa ne da lambobin asusunsu da BVN, waɗanda aka tattara don tantance albashi, sai sunayen yara da na iyayensu. Wannan tambayar ita nake fara yi wa kowa, domin amsarta ce ke nuna iyakar inda aikin zai tsaya.

Abu na farko, na raba ta da intanet: na kashe Wi-Fi, na roƙe shi kada ya haɗa ta da wayarsa ko da don caji. Muddin tana kan layi, wanda ke can yana ganin abin da kake yi, yana kuma iya turo wata ƙwayar ta maye gurbin wadda ka cire. Sannan na sa Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda yake karewa a matsayin nasa, ya kuma nuna ƙarshen sunan kowane fayil. A filash, umarnin da muke bugawa a Command Prompt shi ne attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filash ɗin. Wannan shi ne duk abin da aka yi masa a birni. Yana yaye mayafin da aka rufa wa fayiloli, ba ya kashe komai. Na kwashe takardunsa da hotunansa zuwa wani ma'aji mai tsabta, na bar duk abin da ya ƙare da exe, lnk, vbs, js, bat, scr ko dll, ko da sunansa ya yi kama da na wani abu mai amfani.

Daga nan sai neman inda take kwana. A Task Manager na tarar da wscript.exe yana aiki alhali ba a buɗe komai ba. Shi kansa ɓangaren Windows ne na gaskiya, amma shi ne dokin da ƙwayoyin vbs ke hawa, don haka ganinsa yana gudu ba dalili alama ce. Na tsayar da shi, na duba foldar da ke buɗewa idan an buga shell:startup, na duba Task Scheduler, inda ake ɓoye umarnin da ke sake tayar da ƙwaya bayan 'yan mintoci. Wanda ke son ganin duk waɗannan wurare a shafi ɗaya ya nemi Autoruns, manhajar kyauta daga Sysinternals na Microsoft. Tana jero duk abin da ke tashi da kwamfuta, da foldar da yake zaune, da kamfanin da ya sa masa hannu. Abin da ba shi da sa hannun kowa, yana zaune a AppData ko Temp, yana kuma tashi kullum, shi ne abin tuhuma. 'Yar'uwarta TCPView tana nuna kowace manhaja da adireshin da take ƙoƙarin kira. A na'urar Malam na samu biyu: tsohuwar mai bin filash, da wata da ke ɗauke da suna irin na manhajar sabunta Windows amma tana zaune inda Windows ba ya ajiye kayansa. Na kuma duba jerin wuraren da aka ce wa Defender, anti-bairos ɗin Windows, kada ya bincika. Foldar ta biyun tana ciki. Kirak ne ke yawan yin wannan, kuma shi ya sa mutum zai yi ta sikanin ana ce masa lafiya lau.

Ƙwayar da ke gudu tana iya ɓuya daga mai neman ta, don haka bincike mafi inganci shi ne wanda ake yi Windows yana kwance. A Windows 10 da 11 akwai Microsoft Defender Offline a cikin Windows Security: kwamfutar za ta mutu, ta tashi cikin wani ƙaramin tsari, ta yi bincike kamar na minti 15, ta dawo. Akwai kuma Microsoft Safety Scanner, wanda ake saukowa a kwamfuta mai lafiya a kawo, sai dai kwana 10 yake yi ya daina aiki, dole a sauko da sabo. Ƙananan anti-bairos ɗin da ake yawo da su a filash suna da amfani wajen fito da ɓoyayyun fayiloli, amma wanda aka shekara ba a sabunta shi ba, ƙwayoyin bara kawai ya sani. Bayan bincike sai a leƙa jerin masu asusu a kwamfutar ko an ƙara wani, a duba ko an kunna Remote Desktop, ko an girka AnyDesk ko TeamViewer ba da sanin mai ita ba, a duba ƙarin manhajojin da ke manne a burauza.

Duk da na yi wannan, shawarar da na ba Malam ita ce a goge komai a sa sabon Windows. Ya ce, "To, ba ka ce ka cire ba?" Na ce, "Na cire waɗanda na gani, Malam. Wanda ya daɗe yana shiga yana fita, ban da hanyar sanin abin da ya ajiye." Wannan ne ra'ayina a kan duk kwamfutar da aka tabbatar an buɗe mata ƙofa, in dai ana taɓa kuɗi da ita ko tana riƙe da bayanan wasu. Ƙofar baya hanya ce ta shigo da wasu kaya, kuma anti-bairos ba ya iya rantse maka cewa ya ga duka. Fomatin yana cin yini guda da data mai yawa, amma shi ne kaɗai ke ba ni natsuwar miƙa wa mutum na'urarsa. Sharaɗinsa, Windows ɗin ya fito daga shafin Microsoft kai tsaye, a kan filash mai aƙalla gig 8 da aka shirya a kwamfuta mai lafiya, a kuma share ɓangarorin rumbun gaba ɗaya. Idan da tsohon filash ɗin da ya zaga gari aka yi, aka bi shi da kirak, to an koma gidan jiya. Sai kuma filash-filash ɗinsa da katin memorin wayarsa da na kyamara, duk wanda ya taɓa shiga na'urar: a kwashe takardu a yi musu fomatin a rana ɗaya. Guda ɗaya da aka manta a aljihun riga ya isa ya mayar da aikin baya.

Mafi yawan masu gyara a nan suke tsayawa, alhali rabin aikin ne. Goge kwamfuta ba ya goge abin da ɓarawo ya riga ya kwafa. Da wayarsa, ba da laftof ɗin ba, muka canza kalmar sirrin imel tukuna, domin ta imel ake sake saita sauran. Muka duba ko an sa wasiƙunsa su riƙa wucewa zuwa wani adireshi, ko an sauya lambar da ake dawo da asusu da ita. Muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, muka fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun. Haka muka yi wa Facebook, muka duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinsa, ya canza lambobin sirrin bankinsa. Wanda ya canza kalmar sirri a kan kwamfutar da ba a wanke ba, sabuwar ya miƙa.

Tun daga irin waɗannan ayyuka na tsara teburina yadda yake a yau. Akwai tsohuwar laftof mai Linux Mint wadda ita kaɗai ke karɓar filash ɗin baƙo, domin shotkot da exe na Windows ba sa tashi a kanta. Daga nan nake ɗaukar takardar da za a buga. Kwamfutar da nake cike wa mutane fom da ita ba ta karɓar filash ɗin kowa, kuma da asusun da ba shi da ikon girka manhaja nake aiki a kanta. Wannan ba ya hana kowace ƙwaya, amma yana rage nisan da za ta iya kaiwa. Ba na barin burauza ta adana kalmar sirrin abokin ciniki, kuma hoton katinsa da na fasfo ina goge su a gabansa idan an gama. Sabuntawa kan ci data, gaskiya ne, shi ya sa nake haɗa ta da ranar da na shiga Gashuwa ko Nguru inda sabis ya fi ƙarfi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 na gama-gari kuma 14 ga Oktoban 2025 ne. Har yanzu ina ganin Windows 7 a shagunan da ake cike fom ɗin ɗaukar aiki, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Yana damuna ne saboda abin da ke ratsa irin waɗannan na'urori ba na mai shagon ba ne. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, fom ɗin aikin soja da ɗan sanda da shirye-shiryen tallafi duk a intanet ake cike su, kuma yaron da ya taso daga Kaska ko Bulatura ko Maimalari ba shi da kwamfutar kansa. Yana miƙo maka lambarsa da ranar haihuwarsa da sunan mahaifiyarsa da lambar wayarsa, bai san mene ne AppData ba, kai ya sani. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, da sanarwa idan sun fita. Ko ba doka, mu mun san sunan wannan abu tun a makarantar allo: amana ce. Mai shagon da ya san kwamfutarsa tana mayar da filash shotkot, ya ci gaba da karɓar NIN ɗin 'ya'yan mutane a kanta, yana wasa da abin da ba nasa ba.

Wannan ne ya sa na ce wa Malam akwai sauran aiki guda da ni ba zan iya yi masa ba. Kalmar sirri ana canza ta, amma BVN da NIN ba a canza su, mutum da su zai rayu. Ba ni da tabbacin an kwashi jerin malamansa, ba ni kuma da tabbacin ba a kwasa ba, kuma masu lambobin suna da haƙƙin su sani. Ya yi shiru, ya ce abin da nauyi a ce shugaba ya tara na ƙasa da shi ya faɗa musu haka. Na ce da nauyi, amma ya fi sauƙi a kan a wayi gari an kira ɗayansu da cikakken sunansa da BVN ɗinsa da sunan bankinsa, ya sakankance ma'aikacin banki ne, ya karanto lambar da aka turo masa. Ya amince. Muka rubuta abin da zai faɗa musu a takarda ɗaya: banki ba ya kira ya nemi lambar sirrin kati ko lambar da ya turo ta saƙo, ko da mai kiran ya san komai naka, kowa ya sa wa layinsa lambar kulle ta SIM, kowa ya riƙa duba saƙonnin asusunsa, wanda layinsa ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, kada ya jira gobe, ya ari waya ya kira bankinsa a rufe asusun, sannan ya nufi ofishin kamfanin layin a Gashuwa ko Nguru da katin shaidarsa.